Mai Hoton Biki a Dajin Gashaka

Mun tashi daga Jalingo da asuba, ana fitowa daga masallaci, masu shayin unguwarmu ta Turaki ba su ma gama hura wuta ba. Ban da direba, mu uku ne a motar: ni, da 'yata ta fari, da taubashina, ɗan kawuna, wanda babu wanda ya gayyace shi. Dajin Gashaka muka nufa, mu taka da ƙafa, mu ga namun daji, mu ɗauki hotonsu.

Ku da kuke bibiyata a shafin nan kun san abin da nake ci da shi. Hoton biki nake ɗauka. Babu unguwar da ban shiga da kyamara ba a garin nan, daga ɗaurin aure a ƙofar gida har auren coci, kuma ba yabon kai ba, in na ce wa dangin ango su matsa, matsawa suke yi ko da akwai mai rawani a cikinsu. Amma abin da ya fitar da ni wannan karon ba na shago ba ne. Yarinyar nan ta samu gurbin karatu a jami'a, saura kaɗan ta tafi. Tun tana firamare na lura tana da ido. In ta ɗauki hoton kaza a tsakar gida da wayar uwarta, sai ka ga kazar ta yi kwarjini. Na ja ta zuwa bukukuwa don ta koyi aiki, daga baya ta ce ba ta so, hayaniyar ta yi mata yawa. Wannan ma a bakin uwarta na ji, don a gidanmu 'yar fari ba ta zama ta buɗe wa uba cikinta, ni ma ko sunanta ba na kamawa. Sai na yi dabara. Na ce in ta ga ubanta ya ɗaga babbar kyamara mai dogon gilashi ya kamo naman daji daga nesa, zuciyarta za ta motsa, ta ce a ba ta kyamara kafin ta bar gida. Abin da nake nema ke nan, kuma ban gaya wa kowa ba.

Shi kuwa taubashin nawa, a wurin mahaifiyata ya ji labarin tafiyar, washegari ya aiko mini cewa a bar masa kujerar gaba saboda gwiwarsa. Wanda ya san taubasantaka ya san ba a korar taubashi, kuma duk abin da ya faɗa maka sai dai ka haɗiye ko ka rama. Ma'aikacin ofis ne, ga tumbi, ga ciwon gwiwa, ga wata waya da gilashinta ya tsage tun ban san yaushe ba. Bai san bambancin gada da akuya ba. 'Yata tana ce masa Baffa, shi kuma yana kiran sunanta gatsau, yana tsokanarta, tana ramawa. Tun kafin mu fita gari sun fara dariya, ni ina baya rungume da jakar kyamara.

Direba ya bi da mu ta Mutum Biyu saboda yana da saƙon da zai ajiye. A can muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Doya jibge a bakin titi, manya-manya, kuma farashin da mai ita ta faɗa tun kafin a yi ciniki bai kai abin da muke biya a Jalingo bayan an gama ciniki ba. Taubashina ya so a saya, direba ya ce wa zai shiga daji da doya ya fito da ita. Daga nan muka karya zuwa Garba Chede. Titin wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya zaɓi ramin da ya fi sauƙi ya faɗa. Gonakin masara da na shinkafa duk an girbe, shanu suna kiwo a cikin kara. A Bali muka tsallake gadar kogin Taraba, mata suna wanki a ƙasa, yara suna iyo, masu kifi suna ɗaga manyan tarwaɗa suna nuna wa kowace mota. Muka ci shinkafa da miyar kifi a wata rumfa, barkonon ya sa taubashina hawaye, ya ce wai kewar gida ce.

Bayan Bali ƙasa ta fara canzawa. Duwatsu suka taso ta hagu da dama, kore shar, iska ta yi sanyi, titi ya shiga lanƙwasa. Ni duk tsawon hanyar ina yi wa yarinyar bayanin haske da inuwa, tana cewa "To, Baba" tana kallon taga. Da taubashina ya nuna mata wani dutse ya ce ya yi kama da kan ubanta in ya cire hula, sai da ta sunkuyar da kai don kada in ga dariyarta. Na gani.

Mun isa Serti da la'asar. Muka je ofishin masu kula da dajin, aka yi mana rajista, aka haɗa mu da jagora, wani dogon mutum marar yawan magana, da abokin aikinsa. Daga nan aka bar kwalta. Hanyar shiga dajin ta girgiza mu har sai da na ji haƙorana, muka tsallake ruwa, muka isa masauki a kusa da kogin Kam rana tana faɗuwa. Ɗakuna ne masu sauƙi, babu wani ƙyale-ƙyale, amma ga tsabta. Aka ce mana mu riƙa rufe ƙofa, don gwaggon biri ba ya sallama.

Da gari ya waye muka kama hanyar ƙafa. Na ba yarinyar ƙaramar kyamarata, ni na rataya babbar, na wuce gaba. A nan ya kamata in yi muku wani bayani. A sana'armu, wanda ya riga zuwa shi ke da hoto. In ka yi sanyin ƙafa a wurin biki, wani mai kyamarar zai tsaya a gabanka, kai kuma ka koma gida da hoton ƙeyarsa. Da wannan ƙafar na shiga daji. Jagora ya yi ta ce mini, "Oga, kai yana sauri da yawa. Nama yana ji ka tun daga can." Na ce masa kada ya damu, na san aikina.

Ba mu yi wata tafiyar kirki ba muka iso wani rafi, ruwa garau yana bin duwatsu, manyan itatuwa sun rufe sama. Nan taubashina ya nemi wani faffaɗan dutse ya zauna, ya ce shi dai ya iso, duk dabbar da ke son ganinsa ta same shi a ofis. Na ji daɗi a raina, na ce yau zan samu 'yata ni kaɗai. Sai na ji ta ce, ba ni take kallo ba, jagora take kallo, wai za ta tsaya da Baffa kada a bar shi shi ɗaya. Abokin aikin jagoran ya tsaya tare da su. Ni da dogon mutumin muka hau tudu.

Jama'a, na yi tafiya ranar nan. Na hau, na gangara, na kutsa ciyawar da ta fi ni tsayi, ƙudan tsando ya yi walima a wuyana. Kuma namun daji suna nan, ba ƙarya ake yi ba. Na ga mugun dawa da 'ya'yansa, amma ta baya, wutsiyoyi a miƙe suna shigewa ciyawa. Na ga garken gwaggon biri, su ma sun juya mini abin da ba a bugawa a rataye a falo. Sau da yawa reshe ne kawai zan ga yana lilo, jagora ya ce, "Ya tafi." Can cikin kurmi muka ji wani sauti, dum dum dum, jagora ya ɗaga hannu ya ce biri mai ganga ne, yana dukan saiwar itace. Na zabura zan nufi wajen, sautin ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Da na duba abin da na ɗauka, ganye ne da wutsiya, sai wani baƙin abu da ni kaina ban san ko mene ne ba.

Muka gangaro rana ta take, rigata sharkaf. Na same su inda na bar su. Taubashina ya cire takalmi ya tsoma ƙafa a ruwa yana ɓare gyaɗa, yarinyar ta leƙo ta kafaɗarsa suna kallon tsagaggiyar wayar nan. Ya ɗago, har da gaisuwar Fulatanci, ya ce, "Maigida mai kyamara, jam na? Zo ka gaya mini, wannan wace irin akuya ce?"

Mazo ne. Mazo tsaye a bakin ruwa, ja mai ɗige-ɗigen fari a cinya, kai a ɗage, haske ya sauko ta tsakanin ganye ya kwanta masa a gadon baya. Ya shafa gilashin, wani hoton ya fito: birai baƙaƙe masu dogon farin gashi da ya zubo musu ta kafaɗa kamar alkyabba, sun jeru a reshe, ɗaya tana rungume da jariri fari fat. Ya sake shafawa, ga wani tsuntsu shuɗi da kifi a baki. Wasu hotunan a karkace suke, a ɗaya ma yatsansa ya shigo ta gefe. Amma dabbobin suna ciki, gaba ɗayansu, da fuskokinsu.

Ba zan ɓoye muku ba, kishi ne ya turnuƙe ni, irin wanda ke sa abinci ya ƙi wucewa. Da a ce mutumin nan ya san wani abu ne, da na haƙura. Bai san komai ba. Gwiwa ce ta zaunar da shi, lalaci ya hana shi motsi, dajin ya manta da shi, dabbobi suka fito sha'aninsu. Na karɓi ƙaramar kyamarar daga hannun yarinyar na duba nata. Nata sun fi nasa nesa ba kusa ba, ta san inda za ta ajiye dabba a cikin hoto, ta san abin da za ta bari a waje. Na buɗe baki zan yaba, sai ta ce, "Baffa ne ya ce in daina nemansu, in zauna." Shi kuma ya gyara zama kamar wani shehi. Daga baya abokin aikin jagora ya gaya mini ainihin abin da ya ce mata, wai ta zauna wuri ɗaya, zirga-zirgarta tana sa shi jiri.

Da yamma aka nuna mana wani ɗan tudu kusa da masauki inda waya ke kama sabis in an ɗaga ta sama. Mutumin da ya ce gwiwarsa ba ta hawa, sai ga shi a kan tudun nan yana tura hotuna zauren danginmu. Kafin magariba yabo ya fara shigowa. Gwaggonmu ta yi masa addu'a da murya. Matata, matata ta aure, ta rubuta masa cewa ashe a gidan akwai masu hoto ba a sani ba. Wani ƙanena ya tambaya ina na mai babbar kyamara. Taubashina ya karanta wannan da ƙarfi har sau biyu, sannan ya ce mini in ina son ya koya mini, in kawo goron ɗalibta. Na rama da maganar tumbinsa, amma ramuwar ba ta yi gishiri ba, ni ma na ji. Tuwon da aka yi mana da miyar kuɓewa ya yi daɗi, in ji su.

Washegari na ce ni ma rafin zan zauna. Ba wai na yarda da hanyarsa ba ne, so nake in zauna inda ya zauna, da kyamarar da ta fi wayarsa, in ga ƙarshen cika baki. Jagora ya zaɓa mana wuri a bayan wasu duwatsu inda iska ke busowa daga ruwa zuwa gare mu, ya ce kada kowa ya yi magana.

Ashe zama aiki ne. Da farko babu abin da na ji sai ƙaiƙayi da ƙugin cikina. Ƙafata ta yi sanyi, na gyara, jagora ya harare ni. Na duba agogo, na sake dubawa, allurar tana inda na bar ta. Taubashina kuwa ya jingina da dutse ya lumshe ido, wannan fanninsa ne, a kansa yake karɓar albashi. Sai a hankali wurin ya fara cika. Tsuntsayen da suka yi tsit da zuwanmu suka ci gaba da surutunsu. Malam-buɗe-littafi suka sauko kan jiƙaƙƙen yashi, rawaya da fari, suka taru wuri guda. Wani guza ya fito daga ƙarƙashin saiwa, ya tsaya yana zaro harshe, ya bi gefen ruwa ba tare da ya kula mu ba. A sama na ji ganye yana motsi, na ɗaga ido ban ɗaga kai ba, sai ga masu alkyabbar nan suna tsinkar ɗanyen ganye suna ci, ɗaya ta saki doguwar farar wutsiyarta tana reto. Jiya na wuce ta ƙarƙashin wannan itacen da gudu. Na ɗauki hotuna, masu kyau kuwa, amma ko a lokacin abin da ke raina shi ne ko sun fi nasa.

Ina cikin haka na ji an taɓa hannun rigata. Yarinyar ce. Ta matso, ta yi ƙasa da murya yadda ko jagora bai ji ba, ta ce, "Baba, ara mini babbar."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa roƙona wani abu baki da baki ba. Takalmin makaranta ma ta wurin uwarta yake biyowa. Na cire igiyar daga wuyana na rataya mata. Ta ɗora gilashin a kan gwiwarta, ta tallafe shi ta ƙasa yadda nake yi, ashe duk bukukuwan nan tana kallo. Na saci kallon taubashina don ya shaida, idonsa a rufe.

Ba a jima ba ciyawar tsallaken rafi ta buɗe. Mazo ce mace, ba ƙaho, ta fito da ƙafa ɗaya ta tsaya, kunnuwa suna juyawa. Ta daɗe a haka. Sannan ta tako, sai ga ɗanta a bayanta, ɗan mitsitsi, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Suka sauko bakin ruwa, kusa da mu ƙwarai, har ina ganin hancinta yana motsi. Yarinyar ta kai ido ga kyamara. Ina jin numfashinta. Ba ta danna ba, tana jira, don uwar ta sunkuya tana sha ta ba mu gefen ƙeya, ɗan kuma ya ɓuya a bayan ƙafarta. Ni ma ina ganin abin da take gani: komai ya yi, haske ya yi, wuri ya yi, saura kawai a ɗago a dubi kyamara.

Wallahi ban san lokacin da abin ya fita ba. Hannuna ne ya ɗaga da kansa, na ƙyasta yatsu, na ji bakina yana cewa, da muryar da nake yi wa amare, "Yauwa, ɗan juyo nan."

Ta juyo kuwa. Ta yi wani haushi guda ɗaya irin na kare, ruwa ya fantsama, ciyawa ta rufe. Birai na sama suka watse, tsuntsaye suka ɗauke. Taubashina ya buɗe ido, ya tambayi abin da ya faru, da aka gaya masa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana dukan dutse yana cewa a kawo wa amarya kujera. Jagoran da bai cika magana ba ya girgiza kai ya ce, "Oga, wannan ba amarya ba ne."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta duba abin da ta samu, ƙafar baya ce a dishe da ruwa yana tashi. Ta cire igiyar daga wuyanta, ta ɗora mini kyamarar a cinya da hannu biyu, cikin ladabi, ta tashi ta koma gefen Baffanta ta zauna. Da ta yi fushi ta yi magana, da ya fi mini sauƙi. Muka zauna har rana ta karkata, babu abin da ya sake fitowa. A hanyar komawa masauki suna gaba, tana riƙe masa gorar ruwa, yana ɗingishi yana ba ta labari, ni ne a baya wannan karon. Na ji haushin kaina, amma haushinsa ya fi yawa, ko da yake na san ba shi ya ƙyasta yatsu ba.

Ranar da za mu fito, jagora ya ce akwai wani gurbi a kogin inda dorina ke kwanciya, za a iya leƙawa da sassafe kafin a kama hanya. Na fara ɗaura takalmi, sai taubashina ya ce wai an ce in huta, na gaji jiya. Ban tambayi wanda ya ce ba. Suka tafi da ƙaramar kyamara.

Na haɗa kaya, na zuge jaka, na fito da kofin shayi na zauna a dokin ƙofa ina cin rai. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sai ga gwaggon biri suna ratsa filin masaukin, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, wata da ɗanta a gadon baya ya riƙe ta kamar ɗan acaɓa. Wani tsoho a cikinsu, gashin wuyansa ya yi furfura, ya ware ya zo ya zauna a gabana, tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba. Ya dube ni. Ya sosa ciki. Ya tsinci wani abu a ƙasa ya duba ya jefar. Kyamara tana cikin jaka a bayana, kuma na san ƙarar zip kaɗai ta isa. Ban motsa ba. Muka yi ta kallon juna, na ga tabo a gefen hancinsa, na ga yadda idonsa ke bin kofin hannuna. Da ya gaji da ni ya tashi ya bi 'yan'uwansa. Shayin ya huce.

Da suka dawo da hotunan kunnuwan dorina da hancinta a saman ruwa, na ba su labari. Taubashina ya ce ina shaida, mai hoto ba hoto ai mai labari ne. Yarinyar tana sa kaya a mota, ba ta juyo ba ta ce, "Ba ka ce masa ya juyo ba?" Na ce ban ce ba. Na ga gefen fuskarta ya motsa kaɗan.

A Serti muka sayi fiya da ayaba da aka sauko da su daga Mambila, da zuma a galan, mai zumar ya rantse ba a haɗa ta da komai ba, muka ɗanɗana muka yarda. A Bali muka ƙara da bandar kifi, motar ta ɗauki ƙamshi ko wari, ya danganta da wanda ka tambaya. Wannan karon ta Sunkani muka biyo. Yarinyar ta yi barci tun daga Garba Chede, ko kuma ta yi kamar tana yi. Duwatsun Jalingo sun fara bayyana ke nan taubashina ya juyo daga kujerar gaba, ya cire wasa daga muryarsa, abin da ban saba ji ba. Ya ce an aiko shi. Ya ce 'yarsa, wato 'yata, tana roƙon a ba ta babbar kyamarar da dogon gilashin ta tafi da su makaranta, akwai tsuntsaye a can, ta ji an ce har da fadama a bayan makarantar. Ya ce ta ce a faɗa mini ba don biki ba ne.

Abin da na shiga daji nema ke nan, ga shi an kawo mini har cikin mota. Amma ta bakinsa. A bakin rafi ta riga ta roƙe ni da nata bakin, ni na mayar da ita wurin ɗan aike. Na ce masa na ji, na ba ta. Ya ce Allah ya saka, ya juya, kafin mu kai gadar shiga gari ya koma tsokanar direba.

Mun shiga Turaki ana kiran magariba. A ƙofar gida na sauke jakar kyamarar, taubashina ya miƙo hannu zai karɓa ya miƙa mata, na kauce masa na ba ta da kaina. Ta durƙusa ta karɓa ta ce, "Na gode, Baba." Uwarta ta fito tana tambayar ina hotunan, kuma ba ni take tambaya ba.

In kuna son abin da na koyo, ga shi. Wanda zai je Gashaka ya tafi da takalmi mai kyau da riga mai dogon hannu, ya saurari jagoransa. Ya rage sauri, in ya samu ruwa da inuwa ya zauna, ya ba dajin lokaci ya manta da shi. Kada ya kira dabba, kada ya gyara mata tsayuwa, ba ta ɗauke shi aiki ba. Ni na yi shekaru ina gaya wa mutane inda za su tsaya da inda za su duba, har na ɗauka hoto ke nan, kuma ina jin ba a wurin biki kaɗai nake yin haka ba. Kishin kuwa bai tafi ba, kada wani ya rubuto mini wa'azi a ƙasa. Har yanzu in na tuna mutumin da bai san mazo ba shi ne ya zaunar da 'yata ta ga mazo, sai kishin ya dawo mini sabo.

Ta tafi makaranta a makon nan. Jiya hotonta na farko ya iso, wani ɗan tsuntsu ja a kan karan ciyawa, raɓa ba ta bushe ba, ya juya kai gefe yana kallon wani abin da ba kyamara ba. Na zuƙo shi na duba ko'ina, babu abin gyarawa. Na buga shi babba na rataye a shago, sama da amare. Wayar taubashina ta tura wa, shi ya turo mini, ya haɗa da tambayar ko wannan wace irin kaza ce. Ban ba shi amsa ba tukuna.